Lambar Alhaji Ta Yi Tsawo

Hambali ne sakataren ƙungiyar cigaban Dingaya, kuma babu abin da ya tsana kamar aikin sakatare. Da aka ce ya kira taro a kan famfon tuƙa-tuƙa da ya lalace, sai ya yi shela a zauren WhatsApp na gari cewa kowa ya turo lambarsa da ta maƙwabcinsa, don a aika wa kowa saƙon gayyata. Jama'a suka turo. Ya kwashe su duka ya zuba wuri guda, babu kai babu gindi, ya tura wa ƙanwarsa Nasiha, wadda ke koyon rubuta manhajar kwamfuta a wata cibiya a Birnin Kudu.

Ta kira shi. "Yaya, wannan tarkacen fa? Wani shekarar haihuwarsa ya sa. Wani kuma lambar babur."

"Ba kwamfuta kike karanta ba? Ta tsince."

Nasiha ta zauna ta rubuta 'yan layuka. Umarni na farko, duk inda aka ci karo da waƙafi ko fili a yanka, kowace lamba ta tsaya ita kaɗai. Na biyu, a auna tsawon kowacce: mai alƙaluma goma sha ɗaya, wato tsawon lambar waya, a ajiye ta, saura a zubar. Ta danna, kwamfuta ta tankaɗe su tas, saƙo ya tafi. Daɗi ya kama ta har ta nuna wa ta kusa da ita.

Ranar Asabar aka taru a firamare. Manoma sun zo, malaman Islamiyya sun zo, mata sun cika bayan aji. Kujerun gaba kuwa, waɗanda ake tanadar wa 'yan garin da ke zaune a Kano da Abuja, wayam. Aka jira, babu motar da ta tsaya. Malam Badamasi ya yi addu'a, Yunusa makanike ya faɗi abin da ya karye a famfon, aka amince ya gyara. Shi ke nan. Mutane suka yi ta kallon juna, don ba su taɓa ganin taron ƙungiya ya tashi kafin azahar ba, ba su ma san ko ya halatta a tafi ba.

Labari ya isa Kano. Washegari sai ga motar Alhaji Maikuɗi, uban ƙungiya, wanda a kowane taro yakan fara jawabi daga kafuwar gari. Ya sauka a ƙofar gidan su Hambali, babbar riga na jan ƙasa.

"Wa ya cire sunana?"

Hambali bai tsaya wata-wata ba ya nuna cikin gida. "Nasiha ce, ranka ya daɗe. Ga ta nan ma ta zo hutu."

Ta fito da kwamfutarta, ta durƙusa ta gaishe shi, ta buɗe abin da aka zubar. Ta duba. Lambobin 'yan birni ne jere, kowacce ta fara da 234, yadda manyan wayoyi ke ajiye su.

"Baba Alhaji, ba suna na cire ba. Kwamfutar ba ta san suna ba, tsawo take dubawa. Lambarka ta yi tsawo da alƙaluma biyu, shi ne ta zubar."

"Ta zubar? Ni?"

"Da kai da lambar babur ɗin wani," in ji Hambali, wai shi yana taimako.

Alhaji gajere ne ƙwarai, sai ya ɗora matashi yake hango hanya a mota. Ya dubi Nasiha, ya dubi waɗanda suka taru kallo.

"Tun da uwata ta haife ni," ya ce, "yau ne aka fara korata don tsawo."

Yunusa ya toshe baki da hula ya sulale gefe yana ƙunshe dariya. Alhaji ya ce taron jiya haramtacce ne, a sake shi, kuma saƙonsa ya riga na kowa tafiya.

Nasiha ta ƙara layi ɗaya: duk lambar da ta fara da 234, a cire su a sa sifili, sannan a auna. 'Yan birni suka dawo cikin jama'a. Ta aika wa Alhaji nasa shi kaɗai, ta jira ya ce ya gani, sannan ta saki sauran.

Asabar ta zagayo, aka share aji, aka jera kujerun gaba, mata suka zo da tabarmi da ruwan sha don sun san za a daɗe. Can sai ga direban Alhaji shi kaɗai. Ya ce Alhaji yana gaisuwa, yana da ɗaurin aure a Gwaram, amma ya ga saƙo kuma ya gode, a ci gaba.

Malam Badamasi ya tambaya ko akwai mai magana. Yunusa ya ce ai famfon tun Talata yake ba da ruwa. Aka shafa fatiha, yara suka mayar da kujeru ofishin hedimasta.