Hoton Hure da Tulu

Sau uku Maiwada mai hoto yana cire murfin akwatinsa a kasuwar Ajingi, sau uku fuskar Hure tana fitowa kamar an goga hannu a ɗanyen yaɓe. Zanenta ya fito, tabarmar da aka rataya a bayanta ta fito, har ƙafar kujera. Fuskar ce babu.

Kanta ne ke rawa. Damina biyu ke nan da ya fara, ba ya ciwo, ba ya kuma tsayawa. Shi kuwa akwatin Maiwada, in an buɗe shi, sai mutum ya daskare har a ƙirga biyar.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji Maiwada. "Takardar hoto ɗaya ta rage min, sai na shiga Kano kuma."

Hure ba ta tashi ba. Ɗanta Ɗahiru soja ne, yana bakin daga a kudu tun da aka fara yaƙin basasa. Abokinsa ya zo hutu Gaya da saƙo guda: a kai masa hoton uwarsa. Gobe abokin zai koma. Saboda haka ta tako da ƙafa daga Toranke.

Lami mai sayar da tuluna ta leƙo daga rumfarta. "A aika masa hakan mana! In abokan gaba suka gani, ai sai su watse, yaƙi ya ƙare."

Aka kwashe da dariya. Maiwada ya danne tasa ya ce bari wani ya ɓuya bayan tabarma ya riƙe mata ƙeya.

"Ranar da na haifi yaron nan ba wanda ya riƙe ni," in ji Hure. "Ke Lami, tunda bakinki ba ya hutawa, miƙo babban tulun can. A ciko shi."

Ta san wuyanta. Shekara arba'in tana ɗauko ruwa daga rijiya, kuma har yau, da tulu ya hau kan gammo, sai rawar ta ɗauke kamar an tsawata mata.

Maiwada ya tafa hannu. "Haba Iya! Hoto a zaune ake yinsa, hannu a gwiwa. Matan ma'aikata har agogo suke arowa. Ɗanki zai nuna wa sojoji, su ce uwarsa 'yar ga-ruwa ce."

"Su ce. Janye kujerar."

Mutum biyu suka ɗora mata. Nauyin ya sauka a kafaɗarta, ya bi gadon baya har dugadugai. Ta saki hannuwanta.

Maiwada ya cire murfi. "Ɗaya. Biyu."

Ƙuda ya sauka a gefen idonta. Ruwa ya tsiyayo daga bakin tulun, ya bi goshinta, ya tsaya a kan hanci yana ƙaiƙayi. Wani jaki ya tsinke da kuka a bayan rumfa. Hure ta kafa wa baƙin idon akwatin nata idon. A ranta ta ce, sai dai kai ka ƙifta.

"Biyar. Shi ke nan, a sauke mata."

"Kar wanda ya taɓa ni sai na gani."

Haka ta tsaya a rana, Maiwada ya cusa hannu cikin baƙin ƙyallen akwatin yana wanke-wankensa, ya fitar, ya mayar, ya sake wankewa.

Da ya zaro takardar daga bokiti tana ɗiga, ya daɗe yana kallo kafin ya ɗaga mata a daidai ido. Ga tsagar kumatunta, ga gammo, ga ɗigon ruwa a hanci. Kowane layi na fuskar ya fito.

Lami ta kutso kai. "Oh ni! Wa take harara haka?"

"Ni," in ji Maiwada.

"Yaron zai gane ni," in ji Hure. "Yanzu ku sauke."