Murfi Mai Hoton Buta

Ranar da labarin ya iso wa Mu'minatu, bonet ɗin motar a ɗage yake a ƙofar gida.

Da safe mijinta, Malam Abdulkahar, ya tayar da motar zai tafi Aujara inda yake koyarwa. Bai kai bakin titi ba ta ɗau zafi, ya dawo da ita tana huci.

"Bar ta ta huce," ya ce yana gyara hula. "In na dawo zan ba ta ruwa."

Ya fita ya hau ta haya. Kafin azahar aka bugo waya daga makaranta: ya yanke jiki ya faɗi a aji, ba a isa asibiti da shi da rai ba.

Shekara tara motar tana gidan. Mu'minatu ba ta taɓa riƙe sitiyari ba, amma ta san larurorinta kamar na tsohuwar da ake jinya. Giyarta na fizga in za a tashi. Wani lokaci ba ta amsa makulli sai Malam ya ƙwanƙwasa wani wuri da sifana. Na'urar sanyinta ta mutu tun ana goyon auta. Babban ciwon dai yoyon lagireto ne. Nata'ala bakanike ya ce sabo dubu tamanin, Malam ya yi dariya ya ce buta ta fi araha. Kullum da safe sai ya cika buta, ya ɗaga bonet, ya sunkuya. Ita daga ƙofar soro bayansa kawai take hangowa.

Bayan sadakar uku, Yaya Isah, wan Malam, ya ce kada kowa ya tayar da motar. In Mu'minatu ta fita takaba za a sayar a raba, rabon marayu ya kai Afra'u, babbar 'yarta, jami'a a nan Dutse.

Sai da 'yan gaisuwa suka watse Mu'minatu ta tuna: har yau ba a ba motar ruwan ba.

Ta cika buta ta fito kafin unguwa ta tashi. Cikin bonet murafai ne birjik, rubutunsu duk na boko, ita kuwa a allo karatunta ya tsaya. Tana cikin dube-dube ta ga wani murfi da zane a kansa: 'yar buta, da ɗigo ɗaya a bakinta. Hankalinta ya kwanta. Ta murɗa, ta tsiyaya kaɗan, yadda ake ba mara lafiya. Washegari ta leƙa, ba ta ga ruwan jiya ba. Lallai ƙishi take ji, ta ce a ranta. Ta ƙara. Haka ta yi ta yi kullum, ba ta gaya wa kowa ba, don ba ta ga abin faɗa ba.

Sati biyu da fitarta takaba, Yaya Isah ya zo da mai saye, an yi ciniki miliyan uku da rabi. Aka aro batir. Motar ta yi tari, ta tashi, ta yi wata ƙara kamar ana daka tsakuwa a turmi, sai ta ɗauke ɗif.

Aka kira Nata'ala. Ya zaro sandar auna baƙin mai, ga ta da wani abu kamar kunun gyaɗa.

"Alhaji, inji ya buga. Ruwa ne fal a cikinsa."

"Nawa ne gyaran?"

"Ba ya gyaruwa, sai dai a sa wani. Miliyan ɗaya da ɗari uku, ban da aiki."

Mai saye ya tuna yana da uzuri a sakatariya.

"Kai ka yi mata juyen mai sati guda kafin rasuwa," in ji Yaya Isah. "Me ka ɗura mata?"

"Wallahi mai na zuba. Ko gasket ya ƙone ba ya tara wannan ruwan. Wannan ai kamar an kai ta wanka kogi."

"Kai ne kogin! Dukiyar marayu za ka yi wa wasa? Gobe mu haɗu gaban alƙali."

Mu'minatu tana soro tana ji. Ba ta gane gasket ba, ba ta gane bugawar inji ba. Kalma ɗaya ta gane. Ta ja hijabi, ta fito da butar a hannu.

"Yaya, ku bar shi. Ni nake ba ta ruwa."

"Ke? A ina?"

Ta ɗora yatsa a kan murfin.

Nata'ala ya goge hannu da tsumma, ya sake gogewa. "Uwargida, wannan na baƙin mai ne. Na ruwa ga shi nan a gaba."

"To me ya sa suka zana buta?"

Nata'ala ya kwance murfin ya kai shi kusa da idonsa.

"Shekara ashirin ina buɗe irinsa," ya ce a hankali, "ban taɓa kula buta ce ba."

"Malam ya ce in ya dawo zai ba ta," in ji Mu'minatu. "Bai dawo ba."

An sayar da motar a yadda take, rabin kuɗi bai cika ba. Nata'ala ne ya ja ta da igiya, ya ƙi karɓar ko sisi. Abin da ya zo hannu ya ishi Afra'u shekarar farko. Ta biyu tana wurin Allah. Yarinyar ba ta taɓa ta da zancen ba, kuma wannan ya fi yi wa uwar nauyi.

An yi wa Mu'minatu bayani ya fi sau biyar. Har yanzu ba ta ga yadda ruwan da ya riƙe motar shekara tara zai kashe ta don an sauya masa ƙofa ba.

A inda motar take tsayawa akwai baƙin tabo a ƙasa. Kullum da safe hannunta kan cika butar kafin ta ankara. Sai ta tsaya da ita a ƙofar gida, ta duba hagu, ta duba dama, ta tsiyaye a kan tabon, kaɗan-kaɗan. Ƙasa ta shanye ruwan. Tabon yana nan.