Lokotoron Gidan Hajara

Shekarar da Salima ta ci bak, jarrabawar gama sakandare, sunanta ya fito cikin waɗanda aka ba wuri a jami'ar Yamai. Har ta fara ninke zannuwanta, sai mahaifiyarta Hajara, mai suyar kifi a bakin tashar kamiyoyi, manyan motocin kaya, kusa da gadar Gaya, ta ce atafau.

"Yamai? To wa zai fere mini kifi? Ga lakkwal ɗin koyon aikin jinya an buɗe nan bayan kasuwa. Ki je da ƙafarki, ki dawo ki ci tuwon gidanku."

Babanta Hashimu direba ne, rabin rayuwarsa a hanyar Kotonu take. A waya aka gaya masa, ga ƙarar inji, ya ce abin da uwar ta yanke shi ke nan, ɗiya mace a gaban idon iyayenta ta fi. Maganar Yamai ta mutu a nan.

Salima ta haɗiye, ta shiga makarantar. Kullum sai ta gama fere kifi ta wanke kasko kafin ta kama hanya, ta isa aji ana rubutu, hannunta na ƙarni duk sabulun da ta goga. 'Yan ajinsu da suka zo daga nesa, in an tashi ɗakunan haya suke komawa su buɗe littafi. Ita kuwa tana shiga gida za a miƙa mata bokiti. Duk da haka kanta na ja, malamai sun san ta.

Ran da aka ba su farar riga, Hajara ta sa ta tsaya a bakin tasha da ita a jiki, tana kiran direbobi su zo su ga likitarta.

"Ga lokotorona nan! Ni Hajara mai kifi, na haifi lokotoro!"

Labari ya kai Bengou, garinsu Hajara, ya kai Tanda. Ranar kasuwa sai tsakar gidansu ya cika da dangi: mai kumburin ƙafa, mai tari, tsohuwar da idonta ke ruwa. Kowa da ɗan abin hannunsa, wannan kaza, wancan tiyar gero, kuma duk ɗakin Hajara suke shiga. Salima takan auna musu jini, ta saurare su, ta ce su je asibiti. In sun watse uwar ta hau ta da faɗa.

"Mutum ya taso tun daga ƙauye ki ce masa ya je asibiti? Da bai san hanyar asibitin ba ne? Ko ƙwaya ɗaya ki faɗa musu mana."

"Inna, shekarar farko nake. Ban san komai ba tukuna."

"Rufe mini baki. Kada ki sake faɗar haka a gaban mutane."

Da damina ta kankama, masassara ta shiga gidaje. Wata rana Salima ta dawo da azahar ta tarar da Kawu Abdu, yayan mahaifiyarta, zaune a tabarma. Matarsa Fadima na gefe rungume da autarsu Rahama, yarinya 'yar shekara biyar, jikinta kamar garwashi. Bayan gaisuwa Kawu ya zaro leda daga aljihu ya ajiye a gabanta: 'yan kwalaben magani da sirinji, ya ce a ƙetaren gada ya saya wurin mai talla.

"Ɗiyata, yi wa ƙanwarki allura mu koma kafin hadari ya taso."

Salima ta durƙusa. "Kawu, ka yi haƙuri. Ba a bar mu mun taɓa jikin mutum ba tukuna, a kan lemo muke gwaji. Maganin nan ma ban san ingancinsa ba. Asibiti ba nisa, bari in tare muku kabu-kabu, ni ma in bi ku."

Kawu Abdu bai dube ta ba, ƙanwarsa ya duba.

"Hajara, ashe haka ne? In je in yi layi har la'asar wata sa'arta ta daka mini tsawa, alhali ga tamu da irin rigarsu? To madalla. Fadima, tashi mu tafi. Boko ya raba mu da su."

Hajara ta finciki hannun Salima zuwa ɗaki, ta turo ƙyaure.

"Mutumin nan shi ya riƙe ni da ubanmu ya rasu. Shinkafar da kike ci ta gonarsa ce. Yau za ki kwance mini zane a gabansa? Wallahi in ya fita gidan nan ba ki yi ba, ban yafe miki nonon da kika sha ba."

Salima ta tsaya tana kallon uwarta, tana jiran ta janye maganar. Ba ta janye ba.

Salima ta fito, ta wanke hannu, ta fasa kwalbar. Ta tuna zanen da ke littafinsu, inda aka raba ɗuwawu gida huɗu aka nuna na sama ta waje. Kawu ya kifa yarinyar a cinyarsa ya danne. Daidai lokacin da allurar ta taɓa fata Rahama ta zabura, tsinin ya sauka ƙasa da inda aka nufa. Ƙarar da yarinyar ta yi ba irin kukan allura ba ce. Salima ta ji ta har cikin haƙoranta.

"Ai haka yara suke," in ji Hajara, tana dariya. "Kun ga hannun lokotoro?"

Masassarar ta sauka. Hajara ta yi ta ba da labari a tasha. Amma da Rahama ta miƙe, ƙafar dama ta ƙi bin umarni, tafin ya saki, tana jan sa a ƙasa. Aka yi shafe-shafe da turare, ba canji. A ƙarshe dai asibitin da Kawu ya ƙi zuwa, can aka kai ta. Majo, babban ma'aikacin jinya, ya duba ya ce allura ta taɓa jijiya, ƙafar da wuya ta dawo. Ya tambayi wanda ya yi. Kawu Abdu ya faɗi sunan Salima, da na ubanta, da makarantar da take, bai rage komai ba sai inda ya samo maganin.

Shugabar makarantar, Madam Kadija, ta kira Salima ofis. Mace ce mai tsanani amma tana son Salima. Ta ce in da gaske tilasta mata aka yi, ta kawo wanda zai shaida, ko a samu abin da za a faɗa wa majalisar malamai. Salima ta roƙi uwarta, Hajara ta yafa mayafinta na biki suka tafi.

"Ke kika sa ta yin allurar nan?" Madam ta tambaya.

Hajara ta dafa ƙirji. "Ni? Madam, ni kifi nake soyawa, me na sani a allura? Tun da kuka ba ta rigar nan kanta ya kumbura. Sai da na ce mata a kai yarinyar asibiti, ta ce ai ta iya."

Madam ta juyo wurin Salima. A can ƙauyensu, ɗiyar da ta ƙaryata uwarta a gaban baƙi ba ta da sauran wurin zama. Madam ta jira, ta sake jira, sannan ta ce wa Salima ta ajiye rigar a kan tebur.

A hanya Hajara ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Da so kike a ɗaure ni? Ke yarinya ce, za a manta."

Hashimu ya dawo daga tafiya, aka yi zaman dangi a Bengou. Ba wanda ya tambayi Salima yadda aka yi. Babanta ya ba Kawu haƙuri, ya ce bai san ya haifi mai ƙarambani ba. Fadima, wadda tun ranar asibiti ba ta yi mata magana ba, ta ce abu ɗaya take so: wadda ta karya ita za ta ɗauka. Dattawa suka ce wannan adalci ne.

Haka Salima ta tare a gidan kawunta. Ita ke goya Rahama zuwa makarantar allo, ita ke daka, ita ke ɗebo ruwa, ita ke korar tsuntsu a fadamar shinkafa. Matan gari in ta wuce sai su ja 'ya'yansu jikinsu. Rahama kaɗai ke sonta, ba ta cin abinci sai a hannunta. Wata rana tana goye a bayanta ta ce, "Yaya Salima, wai ke kika kashe mini ƙafa?"

"Ni ce."

"Don me? Na yi miki laifi?"

Salima ta gyara goyon, ta ci gaba da tafiya.

Bayan girbi Hajara ta zo Bengou. Ta rame, hannayenta duk tsagar ƙayar kifi. Salima na tankaɗe a gefe ta ji uwarta na cewa aikin ya fi ƙarfinta, a ba ta ɗiyarta. Kawu Abdu ya ce ƙafar Rahama ba ta warke ba, balle a yi wannan magana. Suka yi ta ja, murya na tashi tana sauka, Fadima na sa baki daga madafa. Da la'asar suka daidaita: rani a Gaya wurin kifi, damina a Bengou wurin gona da yarinya.

Hajara ta miƙe tana kakkaɓe zane, fuskarta a sake.

"Kin ji, ko? Tashi ki haɗa kayanki. Gobe akwai kifi da yawa."