Ƙofar da Baban Afnan Ya Bari

Ni fa ban taɓa son kwamfuta ba, mijina Baban Afnan ne ya matsa. Da tsohuwar laftof ɗina ta fara nauyi, ya zaunar da ni yana jero mini sunayen manhajojin da zai iya sa mata, Ubuntu ne, wane ne. Na ce, "Malam, zaɓa mini wadda ba za ta raina ni ba." Ya yi dariya, ya sa mini Linux Mint, wai kyauta ce, kuma ko ɗan koyo ba ya ɓata a cikinta. Ya sa doguwar kalmar sirri, ya kunna katangar da ke tare baƙi, ya toshe ko'ina. Ƙofa ɗaya ya bari, tasa. In na rikice a gidanmu na unguwar Sentul, a ƙasar waje da muke zaune, daga ofishinsa a titin Jalan Semarak yake shigowa cikin tawa ta laftof ɗinsa, sai in ga kibiyar allo tana yawo ita kaɗai. Kafin ya taɓa komai sai ya zagaya da ita sau uku. Sallamarsa ke nan.

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi, rana tsaka, a ɗakin karatu. Ranar bakwai na ce a yi sadaka da kayansa kamar yadda muka saba, riguna, takalma, littattafai. Laftof ɗinsa aka ba Muntasir, wani ɗalibi da tasa ta lalace. Babu wanda ya tuna a goge ta, har ni.

Wata biyu da shiga takaba, bayan azahar, ana tafka ruwa, ina cike takardun komawarmu gida, sai kibiyar ta motsa. Hannuwana suna kan cinyata. Ta zagaya sau uku ta tsaya.

Na yi salati. Wallahi na tsorata, amma daɗin da na ji ya fi tsoron. Ban gaya wa kowa ba. Kullum bayan azahar sai in zauna jiranta, tana zuwa kuwa, har kwana tara.

Kamila maƙwabciyata, mai karatun kwamfuta, ita ta kama ni ina yi wa allo sannu da zuwa.

"Anti Zulai, kin san abin da ke cikin na'urar nan? Fasfo ɗinku, bizarku, hotunanki ba lulluɓi, hotunan Afnan. Duk mai riƙe da laftof ɗin Malam yana kallonsu. Mamaci ba ya danna komai. Rufe ƙofar nan!"

Raina ya ɓaci, na kira Muntasir na wanke shi tas. Sai da na gama bawan Allah ya amsa.

"Maman Afnan, wallahi ban taɓa shiga ba. Malam ya kulle ta da kalmar sirri tun daga kunnawa. Tana cikin kwali, ko cajarta ba a ba ni ba." Ya turo hoto. Ga ta nan kuwa, har ƙura ta hau murfinta.

Kamila ta daɗe tana kallon hoton. Da ta yi magana muryarta ta yi ƙasa. "Ko wane ne, mabuɗin Malam ne a hannunsa. Sai an cire."

Ta buɗe jerin waɗanda aka yarda su shigo. Sunan Malam ne kaɗai, ga maɓallin cirewa a gefe. Ta ce ni zan danna, ba ita ba. Na ɗora hannu na kasa. Haba! Shekara goma sha ɗaya da aure ban taɓa rufe masa ƙofa ba, sai yau? Na janye hannuna na fashe da kuka.

Sai kibiyar ta motsa. Kamila ta damƙe hannuna gam, babu wadda ke taɓa na'urar a cikinmu. Kibiyar ta zagaya sau uku, a hankali, sannan ta gangaro kan maɓallin. Na tuna, Malam mutum ne da ba ya fita ya bar mu sai ya ji na sa sakata. Kibiyar ta danna.

Sunan ya ɓace. Washegari bayan azahar na zauna duk da haka, har aka kira la'asar.