Ɗakin da Yaya Ya Gyara

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, kalmomin da suka rage a bakinsa ba su kai goma ba, kuma duk taga ce ke kawo masa su. Gadonsa na jikinta. Da safe in rana ta sauko kan ƙafarsa sai ya ce "ɗumi". In kurciya ta sauka kan mangwaron tsakar gida ya ce "ga ta". Likita ta ce mu riƙa jansa da hira, don in bakin ya rufe gaba ɗaya da wuya ya sake buɗewa. Ni kuwa na sa a raina sai na ƙara jin ya kira sunana.

Sai ga Yaya da gyaransa. Shi Yayana in ya tashi yi maka alheri, sai ka ji a jikinka. Ya ce sauro na shiga, zafi na shiga, hayaniyar titi na shiga. Ya sa aka sare mangwaron aka kafa wa motarsa rumfa, magini ya toshe tagar da bulo, aka manna na'urar sanyaya ɗaki da talabijin mai faɗin ƙofa.

"Haba Yaya, ai firij ka gina wa Baba," na ce.

"Ke dai ba ki da godiya. Ko asibitin kuɗi bai fi nan ba."

Na ja bakina na yi shiru, kuma wallahi har yau ban yafe wa kaina shirun nan ba.

Wata biyu Baba na kwance ƙarƙashin farin ƙwan lantarki, bai san safe ba, bai san yamma ba. Kalmomin suka yi ta zubewa ɗaya bayan ɗaya. In na kawo abinci sai ya zuba wa sabon fentin bangon ido, cokali na jira a bakinsa.

Ranar da na yi awa guda ina masa surutu bai ko dube ni ba, na aro guduma a maƙwabta. Na lulluɓe shi da zane, na rufe bangon nan da duka ina kuka kamar mahaukaciya. Bulo uku suka faɗa waje. Haske ya zubo har kan gado. Na leƙa, babu abin gani sai kwanon rumfar mota, amma duk da haka na yaye masa zanen.

"Baba, duba! Ga haske!"

Ya runtse ido, hawaye na bin kuncinsa. Leɓensa ya motsa. Na durƙusa na kai kunnena.

"Rufe," ya ce.