Notin da Ya Riƙe Talata

Jiyan nan da ta wuce na yi wani mafarki, kuma zan faɗe shi yadda ya zo, ba ƙari, don labarin mutum irina ba ya bukatar gishiri. Ni ne Barau bakanike. Shekara hamsin da ɗoriya na yi ina kwance ƙarƙashin manyan motoci. Sau biyu jak yana zamewa gingimari ta sauko mini a ƙirji, kuma duka biyun motar aka ja zuwa gyara, ni na tashi na ci tuwona. Kwalara ta shiga unguwarmu ta ɗebi mutane, da ta zo kaina ta yi kwana uku, ta gaji ta kama gabanta. Makarantar boko kuwa sau ɗaya na taɓa shiga, ranar da aka kira ni gyaran injin ruwansu. Na faɗi wannan ne don ku san wanda ya yi mafarkin.

Sai na gan ni tsaye a tsakar gidan 'yar autata Zulai, a wani gari da ban sani ba. Tukunyar wankan jego na tafasa, amma ƙyauren ɗaki ne a murhu. Ta durƙusa ta gaishe ni, ta ce itacen garin ya ƙare tuntuni, yanzu ƙyamare da kujeru ake ƙonawa. Na tambaye ta wane irin jego ne wannan. Ta ce ran Laraba ta haihu, suna sai Laraba ta zagayo, ita kuwa Talata ta ƙi wucewa. Shekara goma sha tara ke nan kullum Talata. Rana takan tafi har la'asar, sai ta taka birki, ta sa ribas, ta koma hantsi. Goron suna ya bushe ya zama tsakuwa. Wanzami yana zaure da askarsa yana jira, gemunsa ya kai cinya.

Jaririyar tana kan tabarma cikin zane, kwananta shida a duniya, ta harɗe ƙafa tana kallona.

"Sai yanzu, angon ƙarya?" in ji ta. "Shekara goma sha tara ana ce mini ke. Akuyar gidan nan ma tana da suna."

Na ba ta haƙuri, na ce amarya labari bai iso mini ba. Ta ce in dai ni ne mijin da aka yi mata tanadi, haƙori ɗaya tal a baki, to ta fasa. Na ce ai ita ko ɗayan ba ta da shi, na fi ta. Ba ta yi dariya ba. Ta ce ta ji ana cewa babu notin da ya taɓa gagarata a duniya. In gaskiya ne, in je in kwance mata Talata. In kuma cika baki ne irin na tsofaffi, ga tabarma can kusa da wanzami.

Na ɗebi goron nan busasshe cikin aljihu na fita.

Ga ni a ƙofar gari. A can ranaku farantai ne na ƙarfe, kowace kamar ƙofar gingimari. Shida suna jingine da ganuwa suna hira, ɗaya kuma, wato Talata, tana rataye a jikin wani dogon ƙarfe, noti guda ya riƙe ta. Ta rame, fentinta duk ya koɗe. Laraba ta yi hamma ta ce mini sannu da zuwa, ta ce ita ƙafafunta sun sage da tsayuwa.

Na hau dutse na dubi notin. Noti lafiyayye kusurwa shida gare shi, nan sufana take kamawa. Wannan babu ko ɗaya, ya zama sumul kamar ƙwan zabuwa. Na shafa shi da yatsa na karanta abin da aka yi masa, don irin wannan karatun ba wanda ya kai ni. An fara da sufanar da ta yi masa yawa, ta yi ta zamewa tana cin kusurwa. Aka bi da filaya. Aka ƙarasa da dutsen wasa wuƙa. Na ce wannan ba tsatsa ba ce, ba tsufa ba ne, da gangan aka yi.

Laraba ta ce ai kowa ya sani. Mai kula da ofishin ranaku ne, kuma shi kaɗai ke sayar da kayan aiki a garin. Na ce wane ne shi. Ta ce ragon sunan jikata.

Na yi ta gwada goro a gefen notin har na sami wanda kaurinsu ɗaya, ba ragi ba ƙari. Na sa shi cikin hula. Wanda duk ya tafi zaɓen kayan cire noti bai fara duba notin ba, yawon kasuwa ya tafi.

Ga ni a shagon rago. Fari ne ƙato, da tabarau, igiyar suna tana wuyansa har yanzu, ya cusa bakinta cikin aljihun riga. Ya tarbe ni da ladabi, Baba sama Baba ƙasa, ya tambayi iyali. Ya ce ƙa'idar shagon ita ce akwati ɗaya mutum yake ɗauka a rayuwarsa, in ya tsallake ƙofa ba komowa, kuma da atishawa ake biya. Na ce na ji.

Ya sauko da na fari. Jan akwati mai sheƙi, da ya buɗe sai ƙarafa arba'in suka miƙe suka gaishe ni da murya ɗaya kamar 'yan amshi. Sirara ne masu tsini, murɗaɗɗu. Ya ce irinsu babu, ya nuna mini rubutun da ke jikin murfin.

"Karanta da kanka, Baba," ya ce. Sai ya taɓa tabarau. "Af, na manta."

"Rubutu na waɗanda yatsunsu ba sa gani ne," na ce masa.

Na san irin waɗannan. Aikinsu daban: in ƙarfe ya karye a cikin rami, babu abin kamawa a waje, sai a huda tsakiyarsa a cusa su. Namu kuwa noti ne a fili, yana tsaye yana kallon kowa. Duk da haka na ɗauki ɗaya na ƙwanƙwasa a haƙorina. Ya yi ƙara siririya kamar kofin gilashi. Ƙarfen da ke irin wannan kuka ya sha wuta fiye da ƙima, ranar da aiki ya yi tsanani ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake yi. In kuwa ya ɓalle a ciki, babu abin huji a duniya da zai ci shi. Da Talata ta zauna har tashin kiyama, jikata kuma ta tsufa ana ce mata ke. Na dubi ragon. Yana ta gyara takardu.

Ya kawo na biyu, fari fat kamar azurfa, guda ashirin. Waɗannan irin da nake nema ne, masu kama da hula, ana kifa su a kan noti, haƙoran ciki su cije shi. Na zaro 'yar wuƙata na ja a kan haƙoran ɗaya. Sai ya ƙyalƙyale da dariya kamar an yi masa cakulkuli, haƙoran suka kwanta. Na ce wannan da gwangwanin madara uwarsu ɗaya. In na buga shi a noti, shi ne zai cinye, notin ya ƙara santsi.

Rago ya ce to shi ke nan abin da ke shagon, in zaɓa cikin biyun nan, rana na tafiya. Ina shirin magana sai na ji tari. Tari ne irin na tsoho mai shan taba, daga ƙarƙashin ragon yake fitowa. Na ce ya ɗan tashi. Ya ce ƙafarsa na ciwo. Na ce ni ma tawa na ciwo, shekara talatin, kuma da ita na zo. Ya tashi.

Wani baƙin akwati ne yake zaune a kai, duk maiƙo, marfinsa ɗaure da waya. Guda biyar ne kacal a ciki, masu kauri, ba rubutu ba sheƙi. Ba wanda ya gaishe ni. Na leƙa cikin ɗaya, haƙoransa sun murɗe ta hagu, yadda in ka juya don kwancewa sai su ƙara nutsewa cikin noti. Na ja wuƙa, wuƙar ce ta dakushe. Na ƙwanƙwasa a haƙori, ya yi gyaran murya kawai, ya ce wa ya aiko ni. Na ce jikata. Ya ce to.

Na fito da goron nan daga hula na shiga gwaji. Na farko ya haɗiye shi har da sauran wuri. Na biyu ya shige daidai, lafiya lau, kamar don shi aka yi. Rago ya yi farat ya ce ga shi nan, wannan ne. Na ajiye shi gefe. Na uku ya tsaya a bakin goron ya ƙi shiga. Na ce yauwa.

"Ai bai shiga ba, Baba."

"Shi ya sa. Wanda ya shiga da sallama, da sallama zai fita. Wanda guduma za ta shigar nake so."

Ya cire tabarau ya ajiye a kan tebur. Idanunsa ashe ƙanana ne.

"Baba Barau, ka san abin da Laraba za ta zo mini da shi."

"Na sani."

"To?"

"Yarinya ba ta da suna."

Ya mayar da tabaransa. Can ya ce shi ma dusar Talata ta ishe shi, shekara goma sha tara ɗanɗano ɗaya, amma kada in sa ran zai taya ni. Na ce ban taɓa neman taimakon kowa a kan noti ba. Na yi masa atishawa biyu masu kyau, na rungumi baƙin akwati na tsallake ƙofa.

Ga ni a ƙofar gari, duk mutanen garin sun taru, har wanzami, an riƙe masa gemu kada ya taka. Zulai na tsaye da jaririya a kafaɗa. Rana ta kusa la'asar, ina jin ƙarar birkinta. Laraba ta raɗa mini cewa duk lokacin da rana ta sa ribas, notin ƙara ɗaurewa yake yi.

Ban yi gaggawa ba. Na ɗiga masa baƙin mai, na ba shi lokaci kamar na gaisuwar surukai. Na kifa na ukun nan a kansa, na ɗaga guduma. Bugu ɗaya, ya kama baki. Na biyu, ya shiga rabi. Na uku, ya zauna daram, na ji haƙoransa sun nutse. Na sa dogon hannu na ƙarfe, na ƙara masa bututu. Yaran yanzu fizga suke yi, shi ya sa suke karya kaya. Ni jingina nauyina na yi ta hagu, a hankali, ina ƙarawa.

Shiru. Na ƙara. Jijiyar wuyana ta tashi, ƙirjin nan da gingimari biyu suka gwada ya yi ƙara. Rana ta tsaya cak, na ji tana laluben giya.

"Tsoho, in kawo maka tabarmar?" in ji jaririya.

Akwai waɗanda za su ce a daidai nan ragon ya ratso taro ya sa goshinsa a bututun ya tura. Ina wurin. Jingina kawai ya yi, kamar mai hutawa. Ni na kwance notin.

Ya yi wani kuka mai tsawo, ya motsa kamar faɗin farce, sannan ya saki gaba ɗaya. Na ƙarasa shi da yatsu biyu. Talata ta sauko, ta yi miƙa har gaɓoɓinta suka yi ƙara, ta ce Allah ya yi mini albarka, ta tafi gindin tsamiya ta kwanta. Muka ɗaga Laraba muka rataya. Na sa mata sabon noti mai kusurwa shida, na ɗaure da sufanar da ta dace, na tara mutanen garin na nuna musu lambar da yatsa, tunda su masu karatu ne. Rana ta saki birki ta gangara. Dare ya wuce a kan keke, ya ɗaga mana hannu bai tsaya ba. Gari ya waye Laraba.

Ga mu a ƙofar gidan Zulai, an shimfiɗa tabarmi, goro ya koma ɗanye ana rabawa. Mata na guɗa a ciki, maroƙi yana faɗin Barau maganin ƙarfe, kuma bai yi ƙarya ba. Rago ya miƙa wa wanzami tabaransa da makullin shago, ya ce a kula da baƙin akwati, sauran biyun a zubar. Ya zaga bayan gida da ƙafarsa, ba wanda ya ja igiya. Na cire hula har ya ɓace.

Liman ya yi addu'a, ya faɗi sunan, maroƙi ya ɗaga murya ya maimaita har ƙarshen gari. Ba zan faɗa muku shi ba. Sunan mahaifiyata ne, Allah ya jiƙanta, kuma bakina bai taɓa furta shi ba tun da na zo duniya.

Aka kawo mini ita an yi mata aski, kanta na ƙyalli. Ta dube ni sama da ƙasa.

"To, ga suna ka samo. Kira ni mu ji."

Na buɗe baki, na rufe. Mutane suna ta dariya. Ni da ban taɓa durƙusa wa gingimari ba, na durƙusa a gaban 'yar kwana bakwai.

"Inna," na ce.

"Na'am," in ji ta. "Tashi ka wanke hannun nan kafin ka taɓa ni. Tun kana yaro nake faɗa maka."

Ina neman sabulu ke nan sai na ji tar-tar-tar, shiru, tar-tar-tar, shiru. Na buɗe ido, ga ni a kan gadona, hantsi ya shigo ta taga. Maƙwabcina Ɗanjuma ne a bayan katanga yake ta dukan kik ɗin babur ɗinsa, ya ƙi tashi. Ban ko ɗaga kai daga matashi ba, na ce masa ya duba fulogi.