Yadda Teku Ya Kwana

"Ɗan ƙara ɗagawa," in ji 'yar Kyaftin daga cikin ɗakin ubanta, ta bayan katanga. "Ya kama, ya kuma saki."

Malama na tsaye kan kujera a tsakar gidansu, ta miƙa na'urar intanet ɗinta bisa katanga, wayar wutar ta miƙe har tana rawa. Ita da ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai, yau ga ta a sama, duk mai wucewa a layi yana kallonta.

Kyaftin maƙwabcinsu ne. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, a da kuku ne a jirgin ruwa na dakon kaya, 'yan layi suka liƙa masa sunan. Rediyonsa ɗan akwati ne na katako, ba eriya, da intanet yake kamo tashoshin duniya. Intanet ɗin kuwa na Malama ne, yakan ratsa bango ya kai tagar falonsa, daga nan ƙarfinsa ya ƙare. A bakin tagar yake zama da la'asar, ya danna maɓalli ɗaya da ya riga ya koɗe. Tashar masunta ce a bakin wani teku mai nisa, inda wata mata ke karanta labarin iska da igiyar ruwa cikin harshen da shi ma tsintarsa kawai yake yi.

"Me take cewa, Baba?" Malama ta taɓa tambayarsa.

"Cewa take kada a fita yau. Ke ma, amaryata, kada ki fita. Zauna ki dafa wa mijinki shayi." Haka tsohon yake mata wasa, wai shi ne mijin.

Da ciwo ya kwantar da shi, aka mai da shi ɗakin ciki, inda intanet ba ya kaiwa. Rediyon ya yi shiru, shi ma ya yi shiru, ko shayin ya daina karɓa. Sai yau ya buɗe ido ya ce wa 'yarsa, "Ban ji yadda teku ya kwana ba."

Hannun Malama ya soma sagewa. Ta sauko, ta zare gorar da ke tokare igiyar shanya, ta ɗaure na'urar a kanta da ɗankwali, ta jingina ta da katanga har ta leƙa gidan Kyaftin.

"Malama, tuta ake kafawa?" in ji mai gyaran babur daga ƙetaren layi.

Ta kasa kunne wajen katanga. Daga can ciki wani shuu ya taso, kamar ana sheƙa ruwa a nesa, sai muryar matar ta biyo baya, a hankali.

Ta zagaya ta shiga da sallama. Ɗakin na warin man zafi. Kyaftin na kwance, ido rufe, yatsunsa suna hawa da sauka a kan bargo. Malama ta ji kamar gadon na lilo, kamar ƙasan ɗakin ma ruwa ne.

Ta durƙusa. "Me take cewa, Baba?"

Ya daɗe yana saurare.

"Ta ce ruwa ya kwanta," ya ce. "A fita."

Kafin rana ta faɗi ya cika.

Da masu gaisuwa suka watse, 'yarsa ta mai da rediyon tagar falo. Malama ba ta sauke gorar ba. Da la'asar tana jiyo matar ta bango, ƙasa-ƙasa, tana yi wa masunta bayani. Labulen tagar ya cika da iska, ya kumbura, ya sake kwanciya.